Francisco Goya

Francisco José de Goya y Lucientes (an haife shi ranar 30 ga watan Maris, 1746, ya rasu ranar 16 ga watan Afrilu, 1828) mai zane ne ɗan ƙasar Sifaniya. Ya yi aiki a fadar Madrid a zamanin sarakuna uku, wato Carlos na 3, Carlos na 4 da Fernando na 7, kuma ya ci gaba da zane a birnin a shekarun da Faransawa suka mamaye ƙasar. Ana lissafa shi cikin manyan masu zane na Turai. An fi saninsa da zanen Uku ga Watan Mayu, 1808, wanda ke nuna sojojin Faransa suna harbe mutanen Madrid da tsakar dare.

Yawancin rayuwarsa abincinsa a hannun masu mulki yake, kuma shi ne ya bar wasu daga cikin zane-zanen da suka fi bayyana abin da mulki da yaƙi ke yi wa talaka. Saboda haka masana tarihin zane kan karanta ayyukansa tare da tarihin siyasar zamaninsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Goya a ƙauyen Fuendetodos da ke yankin Aragon, kusa da birnin Zaragoza. Mahaifinsa José Goya mai sana'ar shafa ruwan zinariya ne a jikin katako da kayan coci. Sunan mahaifiyarsa Gracia Lucientes. Tun yana ƙarami iyalin suka koma Zaragoza, a can ya taso. Yana da kimanin shekara 14 aka kai shi wurin wani mai zane a garin, José Luzán, inda ya yi kusan shekara huɗu yana koyon sana'a ta hanyar kwaikwayon zanen magabata.

Ya shiga gasar Makarantar Zane ta San Fernando da ke Madrid sau biyu, a 1763 da 1766, bai yi nasara ba. Daga baya ya tafi Italiya da kuɗin aljihunsa. A shekarar 1771 ya shiga wata gasa a birnin Parma da zanen Hannibal, alƙalai suka yaba masa amma ba su ba shi kyautar farko ba. A wannan shekarar ya dawo Zaragoza, ya samu aikin zane a rufin babban cocin Pilar, sannan a bangon gidan ibada na Aula Dei.

A shekarar 1773 ya auri Josefa Bayeu, ƙanwar Francisco Bayeu, wanda ya riga ya samu shiga a fada a matsayin mai zane. Wannan aure ya buɗe masa ƙofa. Sun haifi 'ya'ya da dama, amma Javier kaɗai, wanda aka haifa a 1784, ya rayu har ya girma.

Aiki a fada

A shekarar 1775 Goya ya koma Madrid, aka ɗauke shi aiki a masaƙar sarki ta Santa Bárbara. Aikinsa shi ne ya zana hoton da masaƙa za su bi wajen saƙa dardumomin bango na fada. Daga 1775 zuwa 1792 ya yi irin waɗannan zane-zane fiye da 60. Mafi yawansu na nishaɗi ne: wasannin yara, raye-raye a bakin kogi, kasuwa, girbi da farauta.

Daga nan ya riƙa hawa mataki-mataki. A 1780 aka karɓe shi a Makarantar San Fernando, wadda ta ƙi shi a baya. A 1786 ya zama mai zanen sarki, a 1789 Carlos na 4 ya naɗa shi mai zanen fada, a 1799 kuma ya zama shugaban masu zanen fada, da albashin riyal 50,000 na Sifaniya a shekara.

Matsayin mai zanen fada a Turai ta wancan zamani ya yi kama da na makaɗan fada a masarautun ƙasar Hausa irin su Daura da Katsina: a ɗaukaka sarki, a nuna girmansa ga na kusa da na nesa, a kuma adana sunansa. Shi Goya fenti ne kayan aikinsa. Babban aikinsa na wannan fanni shi ne Iyalin Carlos na 4, wanda ya yi tsakanin 1800 da 1801. A ciki akwai 'yan gidan sarauta 13 sanye da alharini da lambobin girma. Sarauniya María Luisa ce a tsakiya, sarki yana gefe kaɗan, shi kuma Goya yana baya cikin inuwa gaban allon zanensa. Wasu marubuta sun ɗauki zanen a matsayin zambo cikin yabo, domin bai gyara wa kowa fuska ba, kuma ya sa sarauniya a inda ido ke fara sauka, a lokacin da ake cewa ita da minista Manuel Godoy ke juya gwamnati. Wasu masana kuma sun nuna cewa 'yan gidan sun ga zanen fuskokinsu tun kafin a gama aikin, kuma sun amince da shi.

Rashin lafiya da kurumta

A ƙarshen shekarar 1792 Goya ya kamu da ciwo mai tsanani yana kan tafiya a kudancin ƙasar. Ya yi jinya a birnin Cádiz a gidan abokinsa Sebastián Martínez. Ya tashi daga ciwon, amma ya kurumce har ƙarshen rayuwarsa. Daga lokacin da rubutu da alamar hannu yake magana da mutane.

Bayan ciwon ya fara yin ƙananan zane-zane na ra'ayin kansa, waɗanda babu wanda ya sa shi: gidan mahaukata, gobara, nutsewar jirgi, 'yan fashi a kan hanya. A shekarar 1799 ya fitar da Los Caprichos, jerin hotuna 80 da ya tona a kan farantin tagulla aka buga a takarda. A cikinsu ya soki camfi, auren kuɗi, jahilcin masu riƙe da muƙami da kwaɗayin wasu malaman coci. Ya yi amfani da dabbobi a madadin mutane: jaki a matsayin malami ko likita, da talakawa goye da jakuna a bayansu. Ba a daɗe ba ya janye hotunan daga kasuwa. A 1803 ya miƙa farantan ga sarki, aka ba ɗansa Javier kuɗin fansho.

Mamayar Faransa

A shekarar 1807 gwamnatin Sifaniya ta bar sojojin Napoleon su ratsa ƙasar zuwa Fotugal. Sojojin suka shigo, suka kama manyan garuruwa, suka zauna. A watan Maris na 1808 tarzoma ta tashi a Aranjuez, Godoy ya faɗi, Carlos na 4 ya sauka ya bar wa ɗansa Fernando. Napoleon ya kira uba da ɗa zuwa Bayonne a Faransa, ya sa duka biyun suka ajiye sarautar, ya naɗa yayansa Joseph Bonaparte.

Ranar 2 ga watan Mayu, 1808, mutanen Madrid suka ga ana shirin fitar da sauran 'yan gidan sarauta daga fada, sai suka far wa sojojin Faransa da wuƙaƙe da duk abin da hannu ya kai. Kwamandan Faransawa Joachim Murat ya murƙushe boren a yini guda, ya ba da umarni a harbe duk wanda aka kama da makami. A daren nan zuwa asubahin 3 ga wata aka yi ta harbe mutane a wurare dabam-dabam na birnin. A tudun Príncipe Pío kaɗai an kashe fiye da mutum 40. Daga nan yaƙi ya bazu a ƙasar har zuwa 1814.

Matsayin Goya a wannan lokaci yana da sarƙaƙiya. Da yawa daga abokansa masu ra'ayin sauyi ne, waɗanda suka yi fatan Faransa za ta kawo gyara. A watan Oktoba na 1808 Janar Palafox ya gayyace shi Zaragoza don ya ga ɓarnar da ƙawanyar Faransawa ta yi. Amma da ya dawo Madrid ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin sabuwar gwamnati. A 1810 ya yi wa hukumar birnin wani zane mai ɗauke da hoton Joseph Bonaparte, a 1811 kuma aka ba shi lambar girma ta sabon sarkin. Da sojojin Birtaniya suka shiga Madrid a 1812 ya zana kwamandansu Wellington. Shi kuwa wancan hoto na Joseph, an yi ta goge shi ana mayarwa duk lokacin da mulki ya sauya hannu, har daga ƙarshe aka rubuta ranar 2 ga Mayu a gurbinsa. Matarsa Josefa ta rasu a 1812, cikin shekarun yunwar da ta kashe dubban mutane a Madrid.

A ɓoye, daga 1810 zuwa wajen 1820, ya tona jerin hotuna 82 da aka sani yanzu da Los Desastres de la Guerra, wato Bala'o'in Yaƙi. A cikinsu akwai rataya, fyaɗe, sassara gawa da yunwa. Ya nuna sojojin Faransa suna kisa, ya kuma nuna manoman Sifaniya suna ramuwa da gatari. Bai buga su ba a rayuwarsa. Sai a 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa, Makarantar San Fernando ta fitar da 80 daga ciki.

Zanen 2 da 3 ga watan Mayu

A watan Fabrairu na 1814, bayan Faransawa sun fice, Goya ya rubuta wa majalisar riƙon ƙwarya yana neman a tallafa masa ya zana jaruntakar da aka yi a lokacin boren. Majalisar ta yarda ta biya kuɗin kayan aiki da alawus na wata-wata. A cikin shekarar ya gama manyan zane biyu. Shekara shida ke nan bayan faruwar abin, kuma a daidai lokacin ana binciken waɗanda suka yi wa Joseph aiki. Don haka masana da dama suna ganin neman wanke kai na cikin dalilan da suka sa ya nemi aikin.

Na farko, Biyu ga Watan Mayu, yana nuna faɗan tsakiyar gari. Mutanen Madrid a ƙasa suna jawo barade daga kan dawaki suna daɓa musu wuƙa. Mai kallo da ya saba da hawan sallah a Daura ko Kano ya san abin da doki ke nufi: na kan doki shi ne na sama. Haka yake a zanen Turai, inda aka saba zana sarki ko janar a kan ingarma. A nan Goya ya juya tsarin, mahayi ne ke faɗowa. Daga cikin baraden akwai Mamluk, sojojin da Napoleon ya ɗebo daga Masar, sanye da rawani, riƙe da lanƙwasassun takubba. Masana sun lura cewa ganinsu a titin Madrid ya tuna wa Sifaniyawa tsofaffin yaƙe-yaƙensu da Musulmin Andalus, waɗanda suka ƙare a 1492, kuma hakan ya ƙara wa zanen zafi a idon mutanen lokacin.

Na biyu, Uku ga Watan Mayu, tsayinsa santimita 268, faɗinsa 347. An kasa shi gida biyu. A dama sojoji ne a jere, a hagu waɗanda ake harbewa, tudu a bayansu, can nesa kuma inuwar gine-gine da hasumiya ƙarƙashin baƙin sama. Ga manyan alamomin da ake tattaunawa a kansu:

Sojoji marasa fuska. Sun juya wa mai kallo baya, kawunansu a sunkuye kan bindiga. Tsayuwarsu ɗaya, hulunansu ɗaya, jakunkunan bayansu ɗaya, bakin bindigoginsu a layi guda. Ba a ga kwamandan da ya ba da umarni ba, balle Murat ko Napoleon. Ana fassara wannan da cewa ikon da ke kisa tsari ne mai aiki kamar inji, wanda ba a iya nuna mutum ɗaya a ce shi ne.

Mai farar riga. Shi ne inda ido ke fara sauka. Talaka ne mai duhun fata da hannun aiki, sanye da farar riga da wando ruwan ɗorawa. A durƙushe yake, amma kansa ya kai tsayin na sojojin, ta yadda da zai miƙe da ya fi kowa a wurin tsawo. A tsohon tsarin zane, girman jiki da haske na sarakuna da waliyyai ne. Goya ya ba wa mutumin da babu wanda ya san sunansa.

Hannuwa a sama. Alamar tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya: miƙa wuya, roƙo, ko ƙin yarda. Ga Kirista ɗan Sifaniya kuma tana tuna masa da siffar gicciye da ya saba gani a coci, musamman da yake akwai tabo a tafin hannun damansa. Sai dai a zanen shahidai na coci akan nuna haske ko mala'iku daga sama. A nan sama baƙi ƙirin ne, babu kowa.

Fitila. Hasken wurin duka daga wata babbar fitila mai kusurwa huɗu yake fitowa, wadda aka ajiye a ƙasa gaban sojojin. Amfaninta shi ne su ga wanda za su harba. Turawan ƙarni na 18 sun kira zamaninsu zamanin haske, suna nufin ilimi da hankali, kuma da sunan wannan haske Faransa ta ce tana kawo gyara. Shi ya sa masana da yawa ke ɗaukar fitilar a matsayin habaici ga wannan iƙirari.

Lokaci uku a wuri guda. A ƙasa akwai gawawwaki cikin jini, su ne waɗanda aka gama da su. A tsakiya waɗanda ake auna wa bindiga, har da wani malamin coci mai askakken kai da ya haɗe hannuwa yana addu'a. A baya kuma dogon layi na masu jiran nasu, wasu sun rufe fuska da tafin hannu. Gawar da ke gaba ta faɗi rub da ciki, hannuwa a buɗe irin na mai farar riga, kamar ana nuna yadda shi ma zai kasance nan da ɗan lokaci.

Tazara da fenti. Tsakanin bakin bindiga da ƙirjin mutanen bai wuce taku kaɗan ba. Launukan ƙasa-ƙasa ne da toka-toka, in ban da farin riga da jan jini. Jinin ma an shafa shi da kauri, babu ƙawa.

Kafin Goya, zanen yaƙi a Turai yawanci na nasara ne, janar a tsakiya, matattu a gefe kamar ado. Wannan zane ya sa wanda aka kashe a tsakiya, ya kuma nuna tsoro a fili ba tare da ɓoye shi ba. Zane-zanen biyu ba su samu karɓuwa a fada ba. Sun yi shekaru da yawa a ajiye, sai a 1872 suka fito a kundin gidan tarihi na Prado.

Shekarun ƙarshe a Sifaniya

Fernando na 7 ya dawo a 1814. A watan Mayu na shekarar ya soke tsarin mulkin Cádiz na 1812, ya ɗaure masu ra'ayin sauyi, daga baya kuma ya dawo da kotun coci mai binciken aƙida. Mutanen da suka mutu da sunansa a 1808 ba su samu 'yancin da wasunsu suka yi fata ba. An wanke Goya daga zargin haɗa kai da Faransawa, ya riƙe albashinsa, ya kuma zana sarkin. Amma kotun cocin ta bincike shi a 1815 kan zanen wata mace tsirara da aka samu cikin kayan Godoy, kuma sarkin ya fi son wani mai zanen, Vicente López.

A 1819 ya sayi gida a bayan gari, a hayin kogin Manzanares, wanda ake kira Gidan Kurma tun zamanin mai shi na farko. A ƙarshen shekarar ya sake kwanciya ciwo, likitansa Arrieta ya yi jinyarsa, shi kuma ya zana kansa a hannun likitan don godiya. A bangon ɗakunan gidan ya yi zane 14 da ake kira Baƙaƙen Zane-zane. Bai sa musu suna ba, sunayen da ake kiransu da su wasu ne suka raɗa daga baya. Ɗaya yana nuna Saturn, wanda a tatsuniyar Rumawa ya cinye 'ya'yansa don tsoron kada su ƙwace masa mulki. Ana yawan fassara shi da gwamnati ko juyin juya hali mai cin 'ya'yansa, wasu kuma su ce tsufa da lokaci ake nufi. Wani zanen yana nuna maza biyu suna dukan juna da kulake a fili, a yadda yake yanzu ƙafafunsu sun nutse har gwiwa, babu mai iya gudu. Ana danganta shi da faɗan cikin gida na Sifaniya.

Hijira da rasuwa

A 1823 sojojin Faransa suka sake shiga Sifaniya, wannan karon don mayar wa Fernando cikakken iko bayan shekara uku na mulkin masu sauyi. Aka shiga farautar 'yan adawa. Goya ya mallaka wa jikansa Mariano gidan, ya ɓuya na ɗan lokaci, sannan a 1824 ya nemi izinin zuwa Faransa neman lafiya. Ya zauna a Bordeaux tare da Leocadia Weiss da 'yarta Rosario, cikin sauran Sifaniyawa masu gudun hijira. Yana dab da shekara 80 ya ƙware a sabuwar hanyar buga hoto a kan dutse, ya fitar da hotuna huɗu na wasan bijimai a 1825. A 1826 ya je Madrid ya ajiye aiki, sarki ya bar masa albashinsa a matsayin fansho.

Ya rasu a Bordeaux ranar 16 ga Afrilu, 1828, yana da shekara 82, bayan shanyewar ɓarin jiki. A can aka binne shi. Da aka buɗe kabarin a ƙarshen ƙarni na 19 don mayar da shi gida, ba a samu ƙoƙon kansa ba. Tun 1919 ƙasusuwansa suna cocin San Antonio de la Florida a Madrid, wanda shi ya zana rufinsa a 1798. Maƙabartar da aka binne waɗanda aka harbe a Príncipe Pío tana nan kusa da cocin.

Tasiri

Daga 1874 aka ɓamɓare Baƙaƙen Zane-zane daga bango aka mayar da su kan ƙyalle, daga baya aka ba gwamnatin Sifaniya. A lokacin yaƙin basasar 1936 zuwa 1939 an kwashe zanen 2 da 3 ga Mayu daga Madrid don tsoron bama-bamai, motar da ke ɗauke da su ta yi haɗari a hanya, suka lalace a wasu wurare. An yi musu babban gyara a 2008, shekara 200 bayan boren.

Tsarin sojoji a gefe guda da waɗanda ake harbewa a ɗaya gefen ya zama abin koyi. Édouard Manet na Faransa ya bi shi a zanen harbe Sarki Maximilian na Meziko, tsakanin 1867 da 1869. Pablo Picasso ya bi shi a zanen kisan kiyashin Koriya na 1951, kuma ana ganin tasirin Goya a zanensa na Guernica na 1937. Masu ɗaukar hoton yaƙi ma kan ambaci Bala'o'in Yaƙi a matsayin mafarin sana'arsu. Tun 1987 babbar kyautar fina-finai ta Sifaniya sunan Goya take ɗauke da shi. Mafi yawan manyan ayyukansa suna gidan tarihi na Prado a Madrid, inda aka rataye zanen 2 da 3 ga Mayu a ɗaki ɗaya, gefe da gefe.